Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Zanen Mutum Da Fentin Mai

A ƙarshen kowace shekara, in an zo ɗaukar hoton aji domin wannan mujalla, mukan jeru a gaban ɗakin taro, dogaye a baya, gajeru a gaba. Mai hoto ya ce kowa ya tsaya cik, ya danna, shi ke nan, kafin ƙiftawar ido an gama. Wannan ne ya sa wani ɗan aji uku ya yi mana tambaya a ɗakin zane. Ya ce, tun da kyamara tana yin wannan aiki cikin daƙiƙa ɗaya, yanzu ma kusan kowace wayar hannu tana da ita, me zai sa babban mutum ya share wata da watanni yana shafa fenti a ƙyalle don ya fitar da fuskar mutum guda? Tambayar ba ta wasa ba ce. Mun ga ya kamata mu amsa ta a nan, domin iyaye da yawa ma sukan yi ta in ɗansu ya ce zane zai karanta.

Mene Ne Fentin Mai?

Da farko bari mu san kayan aikin. Fentin mai abu biyu ne aka haɗa: garin launi da mai. Garin launin kan fito daga ƙasa, ko dutse, ko ma'adinai, ko tsirrai. Jan ƙasa da farar ƙasa irin waɗanda iyayenmu mata suke yi wa ɗaki ado da su, danginsu ne. Man da aka fi amfani da shi ana matso shi daga 'ya'yan wani tsiro da ake saƙa da zarensa kamar yadda muke yi da rama, ana kiran man linsid. Ana niƙa garin cikin man har ya yi laushi kamar man shanu, sa'an nan a ɗiba da buroshi a shafa a kan ƙyalle mai kauri wanda aka miƙe aka kafe a jikin katako.

Sirrin wannan fenti yana wajen bushewarsa. Fentin ruwa da muke amfani da shi a aji yana bushewa ne da zarar ruwan ya bi iska, cikin 'yan mintoci. Man linsid kuwa ba ya bin iska. Shan iska yake yi sannu a hankali, har ya daskare ya zama kamar fata. Yakan ɗauki kwanaki kafin a iya taɓa shi, yakan kuma kai wata shida ko shekara kafin ya bushe sarai. Saboda haka mai zane yana da lokaci. Yana iya gyara baki yau, gobe ya dawo ya ga bai yi daidai ba, ya kankare ya sake. Yana iya cuɗa launi biyu a kan ƙyallen har ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara, kamar yadda haske yake narkewa cikin inuwa a kumatun mutum.

Akwai abu na biyu. In aka tsinka fentin sosai aka shafa shi sama-sama, haske yana ratsa shi, ya bugi abin da ke ƙasa, ya dawo idon mai kallo. In aka yi irin wannan shafi sau da yawa, wani a kan wani, sai launin ya zama kamar daga ciki yake fitowa. Fatar ɗan Adam ma haka take: haske yana ɗan shiga cikinta kafin ya dawo, shi ya sa in ka ɗaga hannunka a rana sai ka ga tsakanin yatsunka ya yi ja. Wannan kamanci tsakanin fenti da fata shi ne dalilin da ya sa masu zanen mutum suka riƙe fentin mai ɗaruruwan shekaru.

An daɗe ana cewa Turawa ne suka ƙago shi. Amma binciken da aka bayyana a 2008 ya nuna an yi amfani da fenti mai haɗe da mai a kogunan Bamiyan na ƙasar Afganistan tun wajen ƙarni na 7. Abin da Turawa suka yi shi ne gwanancewa da shi. Jan van Eyck, wanda ya zauna a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya zana wani attajiri da matarsa a 1434, har gashin karensu ana iya ƙirgawa. Zanen yana Landan har yau. A 1841 wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi na zuba fenti, irin na man goge baki, daga nan mai zane ya huta da niƙa.

Me Ya Sa Surar Mutum Take Kama Mu?

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun zo daga baya sun tarar da gaskiyar maganar. Jariri sabuwar haihuwa ya fi bin abin da ya yi kama da fuska da ido fiye da sauran abubuwa. A 1997 wata malamar kimiyya a Amurka, Nancy Kanwisher, tare da abokan aikinta, suka nuna wani ɗan yanki a ƙwaƙwalwa wanda yake motsawa sosai in an ga fuska. Shi ya sa mukan ga idanu da baki a gaban babbar mota, ko a jikin girgije. Ƙwaƙwalwarmu kullum neman fuska take yi.

Ba fuska kaɗai muke karantawa ba. In ɗalibi ya fito daga ofishin shugaban makaranta, tun daga nesa, kafin ya ce uffan, mun san yadda ta kaya: daga kafaɗunsa, da saurin tafiyarsa, da inda ya ajiye hannuwansa. Babu wanda ya koya mana wannan a allo. Kowannenmu yana da jiki, ya san gajiya, ya san kunya, ya san tsoro. In muka ga an zana tsohuwa ta dafa gwiwa za ta tashi, sai mu ji nauyin a tamu gwiwar. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Wannan sani da yake cikin kowa, shi ne jarin mai zanen mutum.

Kyamara Ta Zo, Zane Bai Mutu Ba

A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a Faransa. Daga nan sai masu zane suka fara rasa cinikin fitar da kamanni. Da yawa suka juya ga wasu hanyoyi, har a tsakiyar ƙarni na 20 zanen da ya fi tashe a Amurka da Turai shi ne wanda babu mutum ko itace ko dabba a ciki, sai launi da layi zalla. A lokacin ana ganin mai zanen mutum kamar wanda zamani ya bari a baya.

Duk da haka wasu suka dage. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Lucian Freud. An haife shi a Balin ta Jamus a 1922, iyayensa Yahudawa ne, suka gudu da shi Ingila a 1933 lokacin da Hitila ya hau mulki. Ya rasu a Landan a 2011. Kusan duk aikinsa sai mutum ya zauna a gabansa yake yi. A tsaye yake aiki, da buroshi mai tauri na gashin alade, yana aza fenti da kauri har a ga tudu da kwari a fuskar. Ba ya gaggawa ko kaɗan. Abokin sana'arsa David Hockney ya ce sai da ya zauna masa wajen awa 120 a 2002 kafin a gama wani ɗan ƙaramin zane na kansa da kafaɗunsa.

Ga labarin da ya fi amsa tambayar ɗan aji ukun nan. A 1970 mahaifin Freud ya rasu. Mahaifiyarsa ta shiga baƙin ciki mai tsanani, har ta fid da rai da duniya. Tun yana saurayi Freud yake gudun ta, domin yana ganin ta cika sa masa ido. Amma daga 1972 sai ya shiga ɗauko ta zuwa ɗakin aikinsa, ta zauna ko ta kwanta, yana zana ta. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, har ta rasu a 1989. A cikin zanukan za ka ga tsohuwa kwance a kan gado cikin rigarta, hannuwanta a ɗage kusa da kafaɗa kamar na jariri, idonta a buɗe amma ba kowa take kallo ba. Bai rage mata tamoji ko ɗaya ba, bai ƙara mata murmushin da ba ta yi ba.

Wanda ya tsaya gaban waɗannan zanuka ba ya buƙatar sanin sunanta kafin zuciyarsa ta karye. Dalili kuwa shi ne, hoto lokaci ɗaya yake kamawa, daƙiƙar da aka danna. Zanen mai yana tara kwanaki da yawa a fuska ɗaya: ranar da ta zo da gajiya, ranar da ta ɗan sake, ranar da ɗan nata ya lura da wani abu a gefen bakinta wanda bai taɓa gani ba. Kowane shafin buroshi shaida ce cewa wani ya duba, ya yi tunani, ya zaɓa. Abin da muke gani a ƙyallen shi ne tsawon lokacin da mutum ya ba ɗan'uwansa. Ba ƙaramin abu ba ne a dube ka awa ɗari ba tare da an kau da kai ba.

Ya kamata mu faɗa wa iyaye gaskiya: Freud da wasu na bayansa, kamar Jenny Saville wadda aka haifa a Ingila a 1970, sun zana jiki tsirara da yawa. Saville tana zana mata masu jiki a manyan ƙyallaye da suka fi tsawon mutum, don ta ƙalubalanci tallace-tallacen da suke nuna cewa siririya kaɗai ce mace. An sayar da wani aikinta na 1992 a kan fam miliyan 9.5 a 2018. Wannan hanya tasu ce, ta fito daga tarihin makarantunsu, kuma ba ta dace da kunyarmu ba. Amma zanen mahaifiyar Freud cikin suturarta ya isa ya nuna cewa ƙarfin wannan sana'a yana wajen duba da kyau.

Wa Ya Isa A Zana Shi?

In zane kyautar lokaci ce, to, tambaya ta gaba ita ce: wa ake ba wannan kyauta? A tsofaffin zanukan Turai sarakuna ne da attajirai da manyan malaman addini suka cika bango. Baƙar fata in ya bayyana, galibi bara ne a gefe, yana riƙe da laima ko linzamin doki.

A ƙasarmu wanda ya fara ɗaukar wannan sana'a da gaske shi ne Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijabu Ode a 1882. Ya koya wa kansa zane a zamanin da Turawan mulki suke cewa Ba'afirke ba zai iya ba, ya yi ta zana manyan mutanen Legas cikin shigarsu ta mutunci. A 1920 ya tafi Landan ƙaro ilimi, da ya dawo ya matsa wa gwamnati ta sa zane cikin darussan makaranta. Darasin zanen da muke yi yau, shi ne ya share masa hanya. A 1958 kuma wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a karɓi kayan aikin Bature, amma a zana mutanenmu da idonmu. An san Grillo da dogayen mata da makaɗa cikin launin shuɗi mai kama da rinin baba.

Zanen mai da ya fi suna a Nijeriya shi ne Tutu na Ben Enwonwu. Enwonwu ɗan ƙabilar Ibo ne, haifaffen Onica a 1917. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yana koyarwa a Jami'ar Ife, sai ya zana wata gimbiyar gidan sarautar Ife, Adetutu Ademiluyi, sau uku tsakanin 1973 da 1974. Ta ɗaura kallabi, ta ɗan juya kafaɗa, tana duban gefe cikin natsuwa. Babu tuta a zanen, babu rubutu. Amma mutanen da suka fito daga yaƙi sun ga ɗan Ibo ya zauna ya dubi 'yar Yarabawa da girmamawa, suka ɗauke shi alamar sulhu, aka buga kwafinsa aka rataya a gidaje. Ainihin zanukan suka ɓace shekaru da yawa. A 2017 aka gano ɗaya a wani gida a arewacin Landan, aka yi gwanjonsa a watan Fabrairu na 2018 a kan fam miliyan 1.2.

Masu zanen wannan zamani sun ɗauki tambayar nan sun faɗaɗa ta. Kehinde Wiley, wanda aka haifa a Amurka a 1977, mahaifinsa ɗan Nijeriya, yakan tare samari baƙaƙen fata a titi, ya zana su da kayansu na yau da kullum amma cikin tsayuwar sarakunan Turai na da. A 2005 ya ɗora wani a kan doki daidai yadda aka taɓa zana Nafoliyon. Shi ne ya zana Barack Obama a zaune cikin ganyaye, aka ƙaddamar da zanen a Washintan a 2018. A rana ɗaya aka buɗe zanen Michelle Obama na Amy Sherald. Ita Sherald da ruwan toka take zana fatar mutanenta, kamar a tsohon hoto marar kala, don mai kallo ya fara ganin mutum kafin ya ga launinsa. Makonni kaɗan bayan haka wata yarinya baƙar fata 'yar shekara biyu ta tsaya gaban zanen, baki buɗe, ta ƙi motsawa. Wani ya ɗauki hotonta, ya zagaya duniya. Yarinyar ba ta san siyasa ba, ba ta san farashin fenti ba. Ta ga wata mai kama da ita an ɗaukaka ta a bango.

Lynette Yiadom-Boakye, wadda aka haifa a Landan a 1977, iyayenta 'yan Gana, ta bi wata hanya dabam. Mutanen da take zanawa babu su a duniya, daga kanta take fito da su, da yawa kuma cikin yini ɗaya take gamawa tun fentin yana ɗanye. Suna zaune, suna karatu, suna rawa, suna hutawa, ba sa roƙon kowa komai. Wani zai ce wannan ya rushe maganarmu ta tsawon lokaci. Ba ta rushe ba. Shekarun da ta yi tana lura da yadda mutane suke jingina da yadda suke harɗe ƙafa, su ne suke fitowa a wannan yini. Amoako Boafo kuma, ɗan Akra da aka haifa a 1984, yakan ajiye buroshi in ya zo kan fata, ya shafa fentin da yatsunsa. Za ka ga sawun yatsa a goshi da kumatu, ruwan ƙasa gauraye da shuɗi da ja. Duk wanda ya dubi aikinsa zai gane cewa abin da muke kira baƙar fata launuka ne masu yawa.

Mu Fa A Nan?

Mun san cewa a ƙasar Hausa mutane da yawa suna ƙin zana abu mai rai saboda koyarwar addininsu, kuma wannan ra'ayi ne da muke girmamawa. Gwanintar magabatanmu ta tafi ne wajen zanen bango, da ɗinkin aska takwas, da zayyanar allo, da sassaƙar ƙwarya, kuma ba ta gaza ta kowa ba. A gefe guda kuma, kawunan yumɓu na Nok da aka tono a kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000, suna nuna cewa sha'awar fitar da fuskar mutum tsohuwa ce a wannan ƙasa. Wanda ya je gidan tarihi na Jos zai gan su. Kowane ɗalibi ya shawarci iyayensa da zuciyarsa.

Ga wanda yake so ya gwada, muna da 'yan shawarwari. Kada ka fara da fenti, domin yana da tsada. Fara da gawayi ko fensir, ka yi wata da watanni kana zana hannunka na hagu. In ka kai ga fenti, launi huɗu sun isa: fari, baƙi, jan ƙasa da rawaya. Shafin farko ya zama marar mai sosai, na sama su fi mai, in ba haka ba zanen zai tsattsage in ya bushe. Kada ka tsinka shi da man gyaɗa ko manja, ba sa bushewa, shekara za ta zagayo aikinka yana danƙo. Da hunturu ka juya ƙyallen ya fuskanci bango, don ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. Kada ka sa buroshi a baki, ka kuma wanke hannu kafin cin abinci, domin wasu launuka suna da dalma da sauran guba.

Shawara ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, kuma ta shafi har waɗanda ba za su taɓa riƙe buroshi ba. Zaɓi wanda kake wucewa kullum ba ka dubansa: baba mai gadi a ƙofa, ko iya mai dafa mana abinci, ko kakarka in ka koma gida hutu. Gaishe shi, ka nemi izininsa, in ya yarda ka zauna. Mun gwada wannan a aji. Ɗalibin da ya zana mai gadinmu ya dawo yana cewa shekara uku yana wucewa ta gabansa, bai taɓa lura cewa yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa ba, sai ranar. Da ya tambaya, aka ba shi labarin da ya ci yamma guda. Zanen bai yi kama sosai ba, hancin ma ya karkace. Baban ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya naɗe shi a hankali ya sa cikin aljihun gaban rigarsa.